Saƙona a Kan Allo

Ajin manya ya watse, malamin Turanci ya ɗauki tsumma zai goge allo. Mai ɗinkin da yake nema da aure, wadda ita ma ɗalibar ajin ce, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kada ka goge, Malam."

Hannunsa ya tsaya. A rubutun da ke kan allon, tun lokacin darasi ya ja jan alli a duk inda aikatau bai dace da aikau ba. Ɗazu ajin ya yi ta dariya, har da masu dukan tebur.

"Saƙon da na turo maka jiya ne," ta ce. "Shago na rufe, na zauna ina harhaɗa shi da Turanci don ka ji daɗi."

"Haba, ai ban faɗi suna ba. Kullum da kuskuren gaske nake koyarwa, ya fi shiga kai."

"Sunan da nake kiranka yana ciki. Kowa ni ya waiwayo."

Ya sunkuyar da kai yana murza alli. "Ranar Asabar fa kawuna zai je gidanku."

"Ka ce ya yi zamansa." Ta zare tsumman daga hannunsa, ta goge allon da kanta. "Na ce ina sonka, kai kuwa kuskure kawai ka gani."