Hoton Tsoho Guda Ɗaya

Cire hannunka daga abin nan tukuna. Zauna ka ji.

Akwai wani mai hoto da ke aiki a gidansa. Kwamfuta biyu gare shi. Babbar tana ɗaki, a cikinta yake tara hotunan mutane. Ƙaramar tana zaure, haɗe da injin buga hoto. Wata doguwar waya ce ta haɗa su, ta bi gindin bango, ta ratsa ta ƙarƙashin ƙofa. In ya zauna a zaure, sai ya buɗe jakar hotunan da ke cikin babbar, ya zaɓa, ya buga. Wanda ya haɗa masa su tun farko ya sa wani kulle: daga zaure ana iya gani, ana iya bugawa, amma ba a iya gogewa. Ya ce masa ya bar kullen nan yadda yake.

To akwai wani tsoho a unguwar da bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Sai ranar auren jikarsa aka lallaɓa shi, ya gyara hula, ya tsaya sau ɗaya. Bai daɗe ba Allah Ya yi masa rasuwa. Babban ɗansa, wanda ke zaune can Kudu, ya zo makoki. Ranar da zai koma ya aiko cewa zai biyo bayan La'asar ya karɓi hoton mahaifinsa, daga nan sai tasha. Hoton kuwa babu shi ko'ina sai cikin babbar kwamfutar, don mai hoto ya riga ya share memorin kyamararsa, ya cika shi da wani taron suna.

Da aka yi Azahar ya zauna a zaure zai buga. Jaka ta ƙi fitowa. Ya kashe ƙaramar ya kunna, shiru. Ya shiga ɗaki ya kashe babbar ya kunna, ya dawo, shiru. Ya duba sunan da ya ba kowacce, ya sake rubuta lambar sirri, ya sake, ƙaramar dai ta nace ba ta san wata 'yar'uwa a gidan nan ba. Zufa ta fara jiƙa masa wuyan riga. Inuwar katanga tana ta miƙewa a tsakar gida. Matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, ba ga ɗan filashin nan a aljihunka ba? Ka kwaso hoton da shi mana." Ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki. Don me na sa aka haɗa su in sai na yi dako?" Ka ji inda ya fara ɓata. Ya manta hoto ake jira, ya koma kokawa da na'ura.

Ya koma kan babbar, ya shiga buɗe duk abin da ya tarar a rufe. Wanda ya gane ya buɗe, wanda bai gane ba ya buɗe. Har ya iso kan kullen nan da aka ce ya bari, ya ce wataƙila shi ne ya tare hanya, ya cire shi. Ya dawo zaure, shiru dai. Ana cikin haka ladan ya kira La'asar. Sai matar, tana wucewa da tsintsiya, ta ce, "Wannan wayar da ke lilo a bayan ƙofa fa, ta ina ce?" Ashe tun da safe ƙofa ta ja ta, ta zare daga raminta. Ciwon ke nan gaba ɗaya. Ya tura ta ciki, ta yi ƙas, jaka ta bayyana.

Da ya tsaya a nan, da ya tsira. Amma hotunan suna buɗewa a hankali, wasu sun tsaya fari fat, ba fuska ba riga. Haƙuri kaɗan suke so. Shi kuwa ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ya ce a ransa waɗannan sun lalace garin jagwalgwalon ɗazu, bari ya share su duka ya jawo sababbi daga ɗaki. Ya zaci abin da yake gani a zaure kwafi ne. Ba kwafi ba ne. Taga ce yake leƙen ɗaki ta cikinta. Na'ura ta tambaye shi ko ya tabbata, bai karanta ba ya danna. Kullen da zai riƙe masa hannu, shi ya cire shi da kansa. Ya ruga ɗaki, jaka wayam. Ya buɗe kwandon shara na kwamfutar, babu komai, don abin da aka goge daga nesa ba ya faɗawa kwando.

Yana tsaye yana kallon allo, sai ya ji sallama daga zaure. Ɗan marigayi ne, da jaka a kafaɗa, yana cewa, "Mai hoto, Baba ya fito kuwa? Direba na jirana."

Daga baya an kai wa masu gyara babbar kwamfutar. Sun tono amarya, sun tono ƙawayenta, har da tukwanen abinci. Tsohon bai fito ba.

Saboda haka in abu ya ƙi, fara duba ƙasa kafin ka kwance sama. Kuma kar ka manta abin da ka zauna yi. Hausawa suka ce, garin neman gira akan rasa ido.