Waɗanda Ba Su Dangwala Ba

"Saura ƙiris ku kai, amma ba ku kai ba," in ji jami'in zaɓen, yana tattara takardunsa.

Matar da ke gabansa ta dubi babban yatsanta, tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba. Tun lokacin saran rake take bin gida gida, tana roƙon mutane su dangwala a yi wa kansila kiranye. Da alkawarin gada ya ci zaɓe, ya bar su da rafi. Rafin nan ne ya kifar da motar masu zuwa kasuwar Makarfi a daminar bara, har da maigidanta a ciki.

"Ranka ya daɗe, mun ƙirga kanmu. Mun fi rabi."

"Inna, doka ta ce fiye da rabin masu rajista, ba rabin masu rai ba. Wanda bai dangwala ba, kamar ya ce a bar kansila ne."

"Waɗanda ruwa ya ci fa?"

"An kawo takardar mutuwarsu?"

A garinsu sallah ake yi wa mamaci a binne shi, ba a nema masa takarda.

Da za ta koma gida, ta tattare zani ta shiga rafin. A tsakiya ta tsaya, ruwa yana dukan gwiwoyinta. Ji take waɗanda ruwan ya ci suna nan ƙasa, sun yi layi shiru kamar ranar zaɓe, duk a bayan kansila.

Ta sunkuya ta tsoma yatsan, ko ruwan zai kai wa maigida tawadar.