Wasiƙar da Aka Karanta wa Inna

"Yaya, ka ajiye aikin nan ka dawo Daura," in ji Haulatu a waya.

Neman aikin rubutu ne ya kai Sagir ƙasar waje, sai ya ƙare a kamfanin inshorar lafiya. Yana rubuta musu wasiƙun ban-haƙuri da Hausa na janye inshora, na'ura tana cike sunayen waɗanda za a aika wa. Fasfonsa ma yana hannunsu.

"In na ajiye, wa zai ɗauki nauyin wankin ƙodar Inna? Inshorar kamfanin ce fa."

"Ai sun janye. Jiya wasiƙarsu ta iso, na karanta mata har sau uku."

"Ta yi kuka?"

"Murmushi ta yi. Ta ce, 'Wannan Hausar yayanki ce. Alhamdulillahi, ashe ya samu aikin rubutun.'"