Jarrabawa a Bakin Mota

A bakin doguwar motar zuwa Jamus, wakilin masu ɗaukar ma'aikata yana gwada matasa da Jamusanci. Duk wanda ya yi in'ina, sai a miƙa masa jakarsa ya koma gida.

Wani tsohon malamin Jamusanci yana gefe, hula a hannu. Shi ya koyar da su duka. Bayan faɗuwar kwaminisanci a Romaniya, da Jamusawa suka sayi masana'antar garin, shi ya tarbe su da burodi da gishiri bisa al'adar karrama baƙi, ya buɗe ajin yamma don yara su samu aiki a gida. Suka yi ta haɗa wayoyin mota ana fitarwa waje, rediyo na shelar bunƙasa. Da wa'adin yafe harajin da aka yi wa masana'antar ya ƙare, aka kwance injuna aka yi gabas da su, inda ƙwadago ya fi araha.

"Malam, yau hajarka ake lodi," in ji wani mai sayar da taba. "Ko kamasho babu?"

Layi ya zo kan 'yar malamin, wadda ita kaɗai ta rage masa. Shi da bai taɓa yi wa ɗalibi fatan faɗuwa ba, ya runtse ido yana roƙon Allah harshenta ya sarƙe.

Ta amsa tiryan-tiryan, babu gargada.

"Madalla!" in ji wakilin. "Wa ya koya miki?"

Ta nuna shi cike da alfahari. "Babana."

Wakilin ya kama hannunsa ya girgiza. "Malam, a ci gaba da turo mana irinta."