Buhun Goggo Tabawa

Shekara bakwai ke nan da aka hana haƙar yumɓu. Duk maginiyar tukwane sai ta je Gidan Niƙa ta karɓo garin yumɓu a buhu, mai laushi kamar hoda. Ran Laraba Goggo Tabawa ta bi layi. Sallau, ɗan ƙanenta, shi ke bakin sikeli.

"Goggo, na wannan makon ya fita daban," in ji shi. "An gano abin da ke sa randa sanyi."

Bara shi ya zo har gida ya durƙusa, ya roƙe ta randar mahaifiyarta. Ya ce gidan tarihi za a kai ta, a sa a gilashi, a rubuta sunan Kaka. Da hannunta ta naɗe masa ita a zanen aurenta.

Tabawa ba ta ɗaukar ƙasa sai ta ji ta a hannu. Ta cusa hannu cikin buhun, sai yatsanta ya ci karo da wani abu mai tauri. Ɗan tsingaro ne da ya tsere wa rariya, bai fi ƙwayar wake ba, ja, da shatin farce uku a jere. Mace ɗaya ce ke yi wa bakin randa wannan alama.

"Sallau, a wane gilashin aka ajiye Kakarka?"

Ya sunkuyar da kai. "Da aka niƙa ta, buhu ɗari ta gyara, Goggo."

Ta ƙulle tsingaron a bakin zanenta, ta tura masa buhun.

"To, ka auna ta da kyau. Ita ba ta taɓa tauye wa kowa mudu ba."