Dokar Kiran Suna

Kujeru goma Bu Harjo ta jera a da'ira, har da tata, kamar kowace Alhamis, ta ajiye wa tsohon da ake ce wa Mbah Sastro, wato Kaka Sastro, shayinsa ba sukari.

Shekara ashirin ta yi a birnin Semarang tana aikin gyaran halin mazan da ke dukan matansu, kafin ta nemi a maido ta wannan gidan yari, ɓangaren masu fyaɗe. Sai da ta rubuta takarda uku. Shugaban gidan ya ce mai dukan mata daban, waɗannan daban. Ta ce duk kanwar ja ce, kowannensu yana yawo da "amma" a aljihu. Ya sa hannu bai tambayi komai ba. Da sunan mijinta, Harjo, kowa ke kiranta, yadda aka saba.

Doka ɗaya ta taho da ita daga can. Ba a cewa "matar nan" ko "yarinyar nan". Sai mutum ya kira sunan wadda ya zalunta, ya faɗi abin da ya yi mata, ba amma, ba sharrin Shaiɗan.

Takwas sun faɗa, wasu da kuka. Mbah Sastro kuwa, tsohon maɗorin da ƙauyuka biyar ke kai wa karaya, wata goma sha ɗaya yana zille mata. Idonsa ya kusa tafiya. Jiya likita ya ce huhun ma ya gama, Litinin za a wuce da shi asibiti, kuma ba a sa ran dawowarsa. Har gobe a ƙauyensu maƙaryaciya ake ce wa Ngatini, matar da ta kai shi kotu. In ya mutu bakinsa a rufe, da wannan sunan za a binne ta.

Bu Harjo ba ta iya karya kumallo ba yau. Tsoro take ji, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

"Mbah, ka faɗa mu tashi mana," in ji Gimin, na kusa da shi. "Ko kabari za ka kai sunan ajiya?"

"Na manta, Bu. Tsufa." Ya shafa kunnensa na hagu, ta san ƙarya ce.

Saura minti goma a buga ƙararrawa. Sai ta yi abin da take hana duk wanda ta koyar: ta bar kujerarta, ta durƙusa a gabansa.

"Don girman Allah, Mbah."

Ya yi tari mai tsawo. Can ya ce, "Ngatini. Ni na yi, ba ta yi ƙarya ba." Sai ya ƙara da cewa, "Poniyem. Sulasih." Waɗannan biyun ko a takardar kotu babu su. Ya goge baki. "Shi ke nan."

"Da saura."

"Babu saura, Bu."

"Akwai wadda aka kawo maka da karayar hannu, ta kwana bakwai a gidanka."

Ya sauke kofin shayin daga bakinsa. "Wannan ko uwarta ba ta yarda da ita ba. Wa ya gaya miki?"

Ƙararrawa ta buga, ba wanda ya motsa. Ta karɓi kofin ta ajiye a ƙasa, ta kai bakinta daf da kunnensa.

"Shekara talatin da huɗu nake jira, Kawu. Kira sunana."