Furar Matar Cikin Majigi

Kaka ce, shekarar da kuɗi suka yawaita, Sheme ta cika da rediyo da sababbin kekuna. Masu majigi suka zo, muka ga wata mata a jikin farin ƙyalle tana ta daka, ba mai ba ta ko ruwa. Abin ya tsaya mini a rai. Washegari da la'asar na dama fura na kai wa dattijon da ke kula da injin.

Na ce, "Baba, a miƙa ma matar da ke ciki."

Bai yi dariya ba. Ya warware wani dogon zare mai ƙaurin roba, ya ɗaga shi saitin rana. "Matso, ɗiyata."

Ƙananan hotunan matar ne a jere, a kowanne taɓarya ta ɗan ƙara sama.

"Ba ta motsi. Inji ke gudu da su, idonki ya haɗa. Ita tana gidanta, ta daɗe da hutawa."

Har yau in yarana sun tambayi shirme, muryarsa nake ara.

Washegarin ranar da safe na zana Inna da gawayi a jere jikin katanga, na dinga wucewa a guje ko za ta motsa. Inna ta gaske ce ta motso, da tsintsiya a hannu.